Maraice a Harshen Yurok: Darasi Kan Kalmomin Lokaci da Agogon Jikin Halittu

A harshen Yurok, wanda asalinsa yake arewa maso yammacin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ana kiran maraice chmeyonen, ana kuma kiran jiya chmeyaan. Ko mutumin da bai taɓa jin harshen ba, in ya dubi kalmomin nan biyu zai ga tushensu ɗaya ne, watau chmey-. Wannan ya isa ya sa ɗalibi ya tsaya ya yi tambaya: me ya haɗa maraice, wanda ɗan yanki ne na yini, da jiya, wadda rana ce sukutum da ta riga ta shige? Masanin harshe yana da amsarsa. Amma amsar ba ta cika sai an haɗa da abin da ilmin halittu ya gano game da ido, da barci, da agogon da ke cikin jikin masu rai. Kafin a ƙera agogon ƙarfe, da waɗannan ne ɗan Adam yake yanka yininsa, kuma inda ya yanka nan ya ɗora kalma.

Mutanen da harshensu

Yurok suna zaune ne a ƙarshen kogin Klamath, daga mahaɗarsa da kogin Trinity a Weitchpec har zuwa Requa inda yake faɗawa cikin Tekun Fasifik, da kuma gaɓar tekun a ɓangarorin biyu na bakin kogin. Sunan Yurok ba su suka raɗa wa kansu ba. Daga bakin maƙwabtansu Karuk ya fito, kuma a harshen Karuk ma'anarsa wajen gangaren kogi. Ƙasar tasu ta duwatsu ce da kwazazzabai masu zurfi, da dazuzzukan wani jan itace da suke kira keehl, wanda irinsa ne ya fi kowane itace tsawo a duniya. Wanda aka auna a shekarar 2006 a wannan yankin ya haura mita 115.

Harshen yana da wani tarihi da ya daɗe yana ba masana mamaki. A shekarar 1913 Edward Sapir ya ce Yurok da maƙwabcinsa Wiyot dangi ne na harsunan Algonquian, irin su Cree da Ojibwe, waɗanda ake magana da su can nesa a Kanada da kewayen manyan tafkunan Amurka ta Arewa. An yi ta musu a kan wannan magana shekara da shekaru, sai a 1958 Mary Haas ta kawo hujjojin da suka gamsar da akasarin masana. A wannan shekarar ce kuma R. H. Robins na Jami'ar Landan ya wallafa littafin nahawu da ƙamus na harshen, wanda har yau ake komawa gare shi.

Bahaushe yana da wata fa'ida wajen furta kalmomin Yurok wadda Bature ba shi da ita. Abin da suke rubutawa k' daidai yake da ƙ ta Hausa, suna kuma da sauti mai kama da 'y ɗin da ke cikin 'ya'ya. Ch tasu ita ce c ta Hausa, ee tana wakiltar i, ue kuma u. Saboda haka kalmar we'yk'oh, wadda takan ɗaure harshen ɗalibin Amurka, Bahaushe zai kusan faɗin ta daidai tun karon farko.

Kalmomin kansu

Ga kaɗan daga cikin kalmomin lokaci na harshen:

koy ko koypoh, safiya
kechoy-, tushen da ke nuna yini ko hasken rana
chmeyonen, maraice
nahschewen, dare
we'yk'oh, yau ko yanzu
chmeyaan, jiya
'owook, gobe
'owook koy, gobe da safe

Abin lura na farko shi ne, tushen irin su chmey- da kechoy- suna aiki a matsayin aikatau. Maraice a harshen wani abu ne da yake aukuwa. Sukan ce keech chme'y, watau maraice ya yi. Ƙaramar kalmar keech tana nuna cewa wani sabon hali ya shigo, kamar yadda ho take nuna abin da ya wuce, kee kuma abin da zai zo. Wannan ba baƙon abu ba ne ga kunnen Bahaushe, wanda shi ma yakan ce dare ya yi, gari ya waye, rana ta take. Mai faɗin haka bai dubi agogo ba. Sama ya duba, ya ga haske ya sāke.

Abu na biyu ya shafi rana da wata. Akwai kalmar wonewsleg wadda take iya nufin kowannensu, kuma farkonta yana ɗauke da ma'anar bisa. Idan ana son bambancewa sai a ce kechoyn hegoo, mai tafiyar yini, ko nahschewen hegoo, mai tafiyar dare. A nan yini da dare su ne ginshiƙi, rana da wata kuwa matafiya ne da ke ratsa su. Danginsu na nesa ma haka suke yi: a Ojibwe giizis tana nufin rana, dibiki-giizis kuma wata, watau ranar dare. A. L. Kroeber, a babban littafinsa na 1925 kan 'yan asalin Kalifoniya, ya rubuta cewa Yurok suna fara ƙidayar watanni daga tsakiyar hunturu, lokacin da yini ya fi gajarta, suna kiran yawancin watannin da lamba, kuma wasunsu sukan ƙirga 12 wasu 13. Wannan saɓani ba abin dariya ba ne. Watanni 12 na sama kwana 354 ne, sun gaza shekarar rana da kwana 11, don haka duk al'ummar da ke son watanninta su riƙa dacewa da zuwan kifi da nunar 'ya'yan itace tilas ta riƙa cusa wata na 13 lokaci lokaci.

Me ya haɗa maraice da jiya?

Yurok ba su kaɗai suka yi wannan haɗi ba. A harshen Cree otâkosin na nufin maraice ya yi, otâkosîhk kuma jiya. Wâpan na nufin gari ya waye, wâpahki kuma gobe. Kalmomin ba su yi kama da na Yurok ba, amma tunanin ɗaya ne. A Rashanci maraice vecher ne, jiya kuma vchera. A Sifaniyanci mañana tana nufin safiya da gobe duka, haka ma Morgen a Jamusanci. Kalmar bukra, wadda a tsohon Larabci take nufin sassafe, a Larabcin Masar da Sudan ta koma gobe. Hausa ba ta haɗa jiya da maraice ba, amma tana da washegari, ranar da aka raɗa wa suna daga washewar gari.

Waɗannan harsuna ba su aro daga juna ba, kuma ba dukansu ne suke da dangantaka da juna ba. Idan al'ummu da ba su san juna ba suka yi ta faɗawa kan hanya ɗaya, abin da ya kamata a nema shi ne abin da suka yi tarayya a kansa, kuma a nan shi ne jiki. Ɗan Adam halitta ce mai yawon rana da barcin dare. Barcin nan yakan katse saninsa na sa'o'i bakwai ko takwas, ya raba rayuwarsa gunduwa gunduwa. Wanda ya farka ya waiwaya baya, abin da ya fi kusa da shi a ƙetaren barcin shi ne maraicen da ya gabata. Wanda kuma zai kwanta ya hangi gaba, abin da zai fara tararwa shi ne safiya. Sai sunan bakin gaɓar ya zama sunan ƙasar da ke ƙetaren baki ɗaya. Wannan bayani ne na hankali, ba abin da aka gwada a ɗakin bincike ba, amma shi ya fi dacewa da yadda abin ya bazu a duniya. Ko ƙidayar Hausa ta kwana uku da kwana bakwai tana nuni ga abu ɗaya: da barci ake ƙirga ranaku.

Ƙasar da ba ta da yamma

A Hausa kalmar yamma tana ɗauke da kaya biyu, lokaci da shiyya, saboda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa inda ido ke kaiwa ƙarshen sama, mafaɗar rana ita ce alama mafi sauƙi. Yurok ba su gina shiyyoyinsu a kan rana ba. T. T. Waterman, wanda ya wallafa nazarin sunayen wurarensu a 1920, ya bayyana cewa da kogi suke nuna hanya: pecheek wajen da ruwa ke fitowa, puelek wajen da yake gangarawa, sa'an nan akwai kalmomin ƙetare, da na nesa da ruwa wajen tudu. Da yake kogin yana lanƙwasa yana murɗewa, puelek a wani ƙauye tana iya fuskantar arewa, a wani kuma yamma, kuma wannan bai dami kowa ba. Saboda haka chmey- lokaci take nunawa, nuna hanya kuwa aikin kogi ne.

Yanayin ƙasar ya sa hakan ya yi ma'ana. Mai zama a gindin kwazazzabo rana takan ɓace masa a bayan dutse tun sararin sama yana da haske sosai, alhali ɗan uwansa na bakin teku yana ganin ta har ta nutse cikin ruwa. A bakin tekun kuma, a watannin zafi, wani hazo mai laima yakan taso daga ruwan sanyi ya lulluɓe gaɓa. Wannan ba irin hazon hunturu na ƙasar Hausa ba ne mai ƙura da bushewa. Ɗigon ruwa ne tsantsa, har wani bincike da Todd Dawson ya wallafa a 1998 ya nuna cewa kimanin kashi 34 cikin 100 na ruwan da ke shiga dajin jan itace a shekara daga hazon nan yake ɗigowa.

Sai kuma batun nisa daga tsakiyar duniya. Bakin kogin Klamath yana wajen digiri 41 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, Kano kuwa tana digiri 12. A Kano yini mafi tsawo bai wuce sa'a 12 da minti 50 ba, mafi gajarta kuma kimanin sa'a 11 da minti 25, don haka magariba ba ta yin nisa da ƙarfe shida zuwa bakwai duk shekara. A Requa yinin ƙarshen Yuni ya haura sa'a 15, na ƙarshen Disamba kuwa sa'a 9 ne da 'yan mintoci. Kalmar chmeyonen ke nan ba ta da mazauni a fuskar agogo; tana yawo na sa'o'i tsakanin hunturu da bazara. Tsawon maraicen ma ya bambanta. Masana taurari sun kasa almuru kashi uku, gwargwadon yadda rana ta yi ƙasa da gefen sama: digiri 6, da 12, da 18, inda duhu yake cika. A Kano rana tana faɗuwa kusan a miƙe, don haka a watan Yuni daga faɗuwarta zuwa cikar duhu kimanin sa'a 1 ne da minti 20. A ƙasar Yurok a karkace take zamewa, sai abin ya ɗauki fiye da sa'a 2. Maraicen bazara a can wani fili ne mai faɗi da ake iya yin aiki a cikinsa.

Abin da ke faruwa a ido da ƙwaƙwalwa

Da tsakar rana hasken da ke sauka a fili yakan kai laks 100,000, laks kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin hasken da ya sauka a kan abu. Daidai faɗuwar rana ya ragu zuwa 'yan ɗaruruwa. Bayan kamar rabin sa'a, lokacin da rana ta yi ƙasa da digiri 6, ya koma wajen laks 3. Hasken farin wata cikakke bai kai laks 1 ba. Babu wani lokaci a yini da haske yake sauyawa da irin wannan gaggawa sai takwaransa na asuba. Tsakar rana da tsakar dare duk shimfiɗe suke, sa'a ɗaya kamar 'yar uwarta. A bakin safiya da bakin maraice ne duniya take juyawa a gaban ido.

Idon mutum yana da rundunoni biyu na ƙwayoyin karɓar haske a tantanin da ke bayansa. Masu siffar mazurari, kimanin miliyan 4 da rabi, su ne masu ganin launi da ƙananan abubuwa, amma sai da haske mai ƙarfi. Masu siffar sanda, sama da miliyan 90, ba su san launi ba, amma suna iya amsa ɗan haske ƙalilan. Da maraice rundunar farko take miƙa aiki ga ta biyu, kuma miƙawar ba nan take ba ce: sandunan sukan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin su kai cikar ƙarfinsu. A wannan tsakani ne gani yake fi rauni, mutum ya ga abu amma ya kasa tantance shi. Sinadarin da sandunan ke kama haske da shi daga bitamin A ake gina shi, binciken da ya kai George Wald ga lambar Nobel a 1967. Shi ya sa wanda ya rasa wannan bitamin yake kamuwa da dundumi, ya yi ta lalube da zarar almuru ta yi, kuma shi ya sa hanta da manja da karas suke taimakonsa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ɗalibi zai iya yi ba tare da kayan aiki ba. Ya sami jar fure mai koren ganye, ya zauna kusa da ita daga faɗuwar rana, nesa da fitila. Da farko furen zai fi ganyen haske. Sannu a hankali jan zai dushe har ya koma kamar baƙi, ganyen kuwa ya rage da ɗan haske toka-toka. Dalili shi ne sandunan sun fi jin shuɗi da kore, kusan ba su jin ja. Jan Purkyně, masanin aikin jiki ɗan ƙasar Cek, shi ya bayyana wannan a farkon ƙarni na 19, kuma da sunansa ake kiran abin har yau.

Aikin ido bai tsaya ga gani ba. A shekarar 1972 aka tabbatar cewa akwai wani ɗan curi na ƙwayoyin jijiya, kimanin 20,000, a ƙasan ƙwaƙwalwa daidai saman mahaɗar jijiyoyin ido, wanda shi ne babban agogon jikin dabbobi masu shayarwa. Agogon yana tafiya da kansa ko da an kulle mutum inda ba rana ba dare, sai dai zagayensa ba ya cika daidai: wani bincike na 1999 ya sami matsakaicinsa a jikin mutum sa'a 24 da kusan minti 11. Ɗan wannan bambanci, in ba a gyara shi kullum ba, cikin wata guda zai kai sa'o'i biyar. Mai gyaran shi ne haske. A 2002 aka gano wasu ƙwayoyi na musamman a tantanin ido, ba sanduna ba ba mazurarai ba, waɗanda suka fi jin shuɗin haske, kuma suke aika saƙo kai tsaye zuwa agogon. Hasken asuba yana tura agogon gaba, hasken maraice yana ja da shi baya, na tsakar rana kuwa tasirinsa a kan saitin kaɗan ne. Watau gaɓoɓin nan biyu da harsuna suka fi ba muhimmanci, su ne dai gaɓoɓin da jiki yake saita kansa da su.

Idan duhu ya shigo, agogon yakan ba wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa izinin sakin sinadarin melatonin, wanda Aaron Lerner ya gano a 1958. Yakan fara hauhawa a jini kimanin sa'a 2 kafin lokacin barcin mutum, zafin jiki ya fara sauka, hamma ta biyo baya. Wannan shi ne maraicen cikin jiki. A 2013 Kenneth Wright da abokan aikinsa a Jami'ar Colorado suka kai wasu mutane zaman daji na mako guda ba lantarki ba tocila, sai rana da wutar itace. Da suka dawo aka tarar melatonin ɗinsu yana fara tashi kusan sa'a 2 kafin yadda ya saba, daf da faɗuwar rana. Ma'anar wannan ita ce, ga mutanen da suka ƙirƙiro kalmar chmeyonen, maraicen sama da maraicen jini tare suke zuwa. Fitilar lantarki ce ta raba su, kuma wayar hannu da ake ƙura wa ido a kan gado ta ƙara nisan.

Kifin rana da kifin dare

Ga al'ummar da abincinta ke cikin ruwa, sanin lokutan yini ba ado ba ne. Misali mafi kyau yana bakin teku. Akwai wasu ƙananan kifaye iri biyu, 'yan uwan juna, da ke shigowa cikin kumfar igiyar ruwa don su zuba ƙwai a kan yashi mai tsakuwa, inda ƙwan yake mannewa. Na farko, Hypomesus pretiosus a sunan kimiyya, wanda Yurok ke kira keges, da rana yake zuwa. Na biyu, Spirinchus starksi, sai dare ya yi. Mutanen yankin har yau kifin rana da kifin dare suke kiran su. Gaɓa ɗaya ce, yashi iri ɗaya, amma sun raba ta da lokaci, kamar 'yan kasuwa biyu masu rumfa guda. Masunci yana tsayawa ne cikin ruwan sanyi da koma mai sanduna biyu da aka haɗa kamar baki buɗe, ya tare igiyar da ke komawa. In ya kuskure sa'ar, sai ya koma gida da jiƙaƙƙen wando kawai.

A cikin kogin kuwa akwai key'ween, wata halitta mai tsawo kamar maciji, marar muƙamuƙi, marar ƙashi, mai baki zagayayye na tsotso. Danginta sun fi shekara miliyan 360 a duniya, sun girmi dinoso nesa ba kusa ba. 'Ya'yanta sukan yi shekaru a binne cikin laka, makafi, suna tace abinci daga ruwa, kafin su sami idanu su tafi teku. Idan sun girma sukan dawo kogi a hunturu zuwa bazara, kuma akasarin tafiyarsu da dare ce. Da rana sukan manne a jikin duwatsu su huta. Yurok suna kama su a bakin kogi da ƙugiya mai sassaƙaƙƙen mariƙi, da kuma kwandunan tarko da ake sakawa cikin ruwa. Namansu yana da kitse ƙwarai, yana kuma zuwa a lokacin da sauran abinci ya yi ƙaranci.

Babban abinci dai shi ne kifin samon, wanda sunansa a harshen, nepuy, daga tushen nep- yake, watau ci. Shi ma yana da nasa jadawalin. 'Ya'yansa sun fi gangarawa teku cikin duhu, lokacin da tsuntsaye masu farauta da ido ba su gani. Manyan da ke hawowa kuwa zafin ruwa ne yake yi musu iyaka. Ruwan kogi yana makara wajen ɗumama, don haka ya fi zafi da la'asar zuwa maraice, ya fi sanyi bayan fitowar rana kaɗan. Kuma binciken da aka yi a Klamath ya nuna cewa idan matsakaicin zafinsa ya kai wajen digiri 23 a ma'aunin Salshiyas, kifin yakan dakatar da tafiya ya taru a bakin ƙoramu masu sanyi. A watan Satumba na 2002 ruwa ya yi ƙasa saboda an karkatar da shi zuwa gonaki a can sama, ya yi ɗumi, kifi ya cunkushe, cututtuka suka bazu. Sama da 33,000 suka mutu a ƙarshen kogin, cikin ƙasar Yurok. Wannan masifa tana cikin abin da ya ƙarfafa gwagwarmayar da ta kai ga rushe madatsun ruwa huɗu a 2023 da 2024. A watan Oktoba na 2024 aka ga samon a rassan kogin da ke jihar Oregon, karo na farko tun 1912.

A dajin jan itace ma akwai mai kiyaye maraice. Wani ɗan tsuntsun teku ne, Brachyramphus marmoratus, wanda masana suka yi fiye da ƙarni suna neman sheƙarsa a bakin ruwa ba su samu ba, sai a 1974 aka tarar da ita a kan reshen wani dogon itace a tsakiyar Kalifoniya. Ƙwai ɗaya yake yi a kan gansakuka, can ƙololuwa. Iyayen sukan yi canjin kwanci da asuba, sukan kuma kawo wa ɗan kifi galibi da asuba da almuru, lokacin da hankaki da shaho ba su cika ganin shigarsu ba. Ɗabi'arsa ta yawo a bakin duhu ita ta ɓoye shi daga masu farautarsa, ita kuma ta ɓoye shi daga masana.

Halin da kalmomin ke ciki

Waɗannan kalmomi sun kusa ɓacewa. Daga 1850, da masu neman zinariya suka kwararo yankin, kisa da cututtuka suka hallaka akasarin Yurok. Daga baya aka riƙa kwashe yara zuwa makarantun kwana na gwamnati inda ake hukunta wanda ya yi magana da harshen iyayensa. Archie Thompson, wanda aka ɗauka shi ne na ƙarshe cikin dattawan da suka tashi da harshen suka kuma ci gaba da amfani da shi, ya rasu a 2013 yana da shekara 93. Amma kafin rasuwar tasa shi da sauran dattawa sun zauna da matasa da masana an naɗi muryoyinsu. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fara wani shiri a 2001 na tattara duk abin da aka rubuta ko aka naɗa, har da muryoyin da Kroeber ya ɗauka a kan kakin zuma a farkon ƙarni na 20, aka yi ƙamus da ke kan intanet. Andrew Garrett ya wallafa littafin nahawu don masu koyo a 2014. Hukumar al'ummar Yurok tana da nata sashen harshe, kuma an shigar da harshen cikin darussan wasu makarantun gwamnati a gundumomin Humboldt da Del Norte.

Sai dai kalmomin lokaci suna da wata wahala ta musamman ga mai farfaɗo da harshe. Sunan kifi ko na itace yana da abin nunawa. A ɗaga kifin a ce ga nepuy, magana ta ƙare. Maraice ba shi da gefe. Ƙamus zai ba da fassararsa da kalma ɗaya ta Ingilishi, yaro kuma ya ɗauki iyakokin kalmar Ingilishin, da ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, ya ɗora wa ta Yurok. Bahaushe zai gane matsalar in ya tuna da hantsi, da walaha, da la'asar sakaliya, da jijjifi, waɗanda ɗan birni mai agogo a hannu yake jin su amma da ƙyar zai nuna inda ɗaya ta ƙare wata ta fara. Abin da ke fitar da iyakar kalma irin wannan shi ne amfani da ita a cikin zance: me mai labarin yake yi lokacin da ya ce keech chme'y, ya dawo daga su ne ko yanzu zai fita, an hura wuta ko ba a hura ba. Don haka tatsuniyoyi da labaran da aka naɗa daga bakin dattawa suka fi jerin kalmomi daraja a wannan fanni, kuma don haka darasin da aka yi a bakin Requa, ana jiran shigowar kifin dare, yake koyar da abin da allon aji ba ya iyawa.